Andrew Carnegie (1835–1919): Masinjan da Ya Koyi Karɓar Saƙon Waya da Kunne

1.0 Gabatarwa

Kalmar gidan waya ta daɗe a bakin Hausawa da ma'anar wurin da ake aika wasiƙa a sayi kan sarki. Asalin sunan kuwa daga wayar tangaraho ne, wato zaren ƙarfe da ake ja a kan turaku daga gari zuwa gari, ana aika saƙo ta cikinsa da ƙarfin lantarki. Turawan mulkin mallaka ne suka shigo da ita ƙasar Hausa a farkon ƙarni na 20, kuma duk inda layin dogo ya bi waya na biye da shi. A tashoshi irin su ta Gagarawa, a kan layin da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930, ta waya ne tasha ke sanar da maƙwabciyarta cewa jirgi ya taso. Ita wayar tangaraho ba ta ɗaukar murya. Abin da ke fitowa daga cikinta ƙwanƙwasa ce kawai, kuma sai wanda ya horar da kunnensa ne zai iya mayar da ƙwanƙwasar nan kalmomi.

Wannan babi ya ƙunshi tarihin Andrew Carnegie, ɗan masaƙi da ya bar makaranta yana da shekara 12, ya zama ɗaya daga cikin mutanen farko a Amurka da suka iya karɓar saƙon tangaraho da kunne, daga nan kuma ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran duniya. An zaɓo shi ne saboda yadda ya koyi wannan fasaha yana da dangantaka da aikin malamin harshe, sannan kuma wani ɓangare na dukiyar da ya bari ya taɓa tarihin horar da malamai a Nijeriya.

2.0 Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Andrew Carnegie ranar 25 ga Nuwamba, 1835, a garin Dunfermline na ƙasar Sikotland da ke arewacin Birtaniya. Garin ya shahara da saƙar hannu, kamar dai yadda wasu garuruwan ƙasar Kano suka shahara da saƙa da rini. Mahaifinsa, William Carnegie, masaƙi ne mai masaƙarsa a cikin gida, mahaifiyarsa kuma sunanta Margaret. Ya shiga makaranta yana da shekara 8. Baya ga karatun aji, mijin 'yar'uwar mahaifiyarsa, George Lauder, yakan ba shi tarihin ƙasarsu da baki, yana kuma sa shi haddace waƙoƙi ya maimaita a gaban mutane. Ta haka ya taso da saurin kama abin da ya ji da kuma riƙe shi.

Ana cikin haka sai injinan saƙa masu aiki da tururi suka bayyana, suna saƙa a yini ɗaya abin da masaƙin hannu zai daɗe bai gama ba. Kasuwar masaƙan gida ta mutu. Margaret ta buɗe ɗan kanti, tana kuma ɗinkin takalma domin a samu na sawa a bakin salati, amma abin ya faskara. A 1848 iyalin suka sayar da kayansu, suka ciwo bashin fam 20 suka cika kuɗin jirgi, suka yi kimanin mako 7 a kan teku kafin su isa Amurka. Suka sauka wajen dangi a Allegheny, tsallaken kogi daga birnin Pittsburgh a Jihar Pennsylvania.

A nan karatun Andrew na aji ya ƙare. Ya kama aiki a wata masaƙar auduga yana sauya kwarkwaro, awa 12 a yini, kwana 6 a mako, a kan dala 1 da santi 20. Daga baya ya koma wata masana'anta inda aka ba shi kula da tukunyar tururi a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a kan dala 2. Aikin ya yi wa yaro nauyi, domin kuskure kaɗan na iya sa tukunyar ta fashe. Yana da kimanin shekara 14 aka ba shi labarin cewa ofishin tangaraho na Pittsburgh na neman masinja. Manajan ofishin, David Brooks, ya ɗauke shi a kan dala 2 da rabi a mako.

3.0 Yadda Wayar Tangaraho Take Aiki

Ba za a gane abin da Carnegie ya yi ba sai an san yadda na'urar take. Samuel Morse da abokin aikinsa Alfred Vail ne suka tsara irin tangarahon da aka yi amfani da shi a Amurka, kuma saƙon da ya buɗe layin farko ya tashi daga Washington zuwa Baltimore ranar 24 ga Mayu, 1844. Ke nan lokacin da Carnegie ya shiga aikin, fasahar ba ta wuce shekara 6 da fitowa ba.

A wajen mai aikawa akwai wani madanni. Idan ya danna, lantarki ya bi waya. Idan ya saki, ya yanke. A wajen mai karɓa akwai maganaɗisun lantarki da ke fizgo wani ɗan hannu na ƙarfe mai tsini, shi kuma tsinin ya dangwali wata siririyar takarda da ke gudu a ƙarƙashinsa. Gajeren danni yana barin ɗigo a kan takardar, dogon danni kuma ya bar layi. Kowane harafi yana da nasa jerin ɗigo da layi. Haruffan da aka fi yawan amfani da su a Ingilishi su aka ba alamomi mafiya gajarta: harafin E ɗigo ɗaya ne, harafin T kuma layi ɗaya. A tsarin Amurka na wancan zamani akwai ma haruffan da ɗan jinkirin da ke tsakanin ɗigo da ɗigo ne kaɗai ya bambanta su da wasu, don haka shirun da ke tsakani shi ma yana da ma'ana.

Tsarin aikin ofis kuwa na mutum biyu ne. Ma'aikacin waya ya duba takarda ya karanta da ƙarfi, akawu ya rubuta, sannan a miƙa wa masinja ya kai. Masu ƙirƙirar na'urar ido suka tanadar wa aikin. Amma fa duk lokacin da maganaɗisu ya fizgo hannun ƙarfen sai a ji ƙas, idan ya sake shi kuma a ji wani ƙas ɗin mai amo daban. Tazarar da ke tsakanin ƙarar farko da ta biyu ita ke nuna ko ɗigo ne ko layi. Wasu ma'aikata da suka daɗe zaune kusa da na'urar suka lura cewa suna gane saƙon tun kafin su dubi takarda. Da farko kamfanoni sun hana yin haka, suna tsoron kuskure, ga shi kuma takarda ita ce shaida idan rigima ta taso. Sannu a hankali aka gane cewa mai karɓa da kunne ya fi sauri, kuma ba ya bukatar akawu, har aka kai ga ƙera na'urar da ƙara kawai take yi ba takarda. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a ɗakin tangaraho ji ne ya kori gani.

4.0 Yadda Carnegie Ya Koyi Karɓa da Kunne

Matsalar farko da ta fuskanci sabon masinja ita ce rashin sanin gari. Saboda tsoron kada a sallame shi, ya ɗauki titunan kasuwanci na Pittsburgh ɗaya bayan ɗaya yana haddace sunayen kamfanonin da ke kansu a jere, da dare kuma ya maimaita su da ka. Bayan haka ya shiga haddace fuskokin masu kamfanonin, domin idan ya gamu da mutum a hanya ya miƙa masa saƙonsa nan take. Ba da daɗewa ba aka fifita shi a kan sauran masinjoji, ana ba shi dala 13 da rabi a wata, su kuma dala 11 da santi 25.

Cikin ayyukan masinjoji har da sharar ɗakin na'urori da sassafe. Wannan ɗan lokaci kafin manya su iso shi ne makarantar Carnegie. Idan ya gama shara sai ya zauna a kan madanni yana buga wa yaran da ke shara a wasu ofisoshi na kan layin, su ma suna maido masa. Babu malami, babu littafi, sai dai kowa na gyara wa ɗan'uwansa, kuma kuskure ba ya jawo wa kowa asara. Da rana kuma, yayin da yake jiran a ba shi saƙo, yana zaune ne cikin ƙarar na'urori yana jin akawu na karɓar kalmomin da ake karantowa. Kunnensa na jin ƙwanƙwasa, yana kuma jin fassararta a lokaci guda, yau da gobe.

A tarihin rayuwarsa da ya rubuta, wanda aka buga a 1920 bayan rasuwarsa, ya ba da labarin wata safiya da ya ji ofishin Philadelphia na ta kiran Pittsburgh da saƙon rasuwa, ga shi babu ma'aikaci ko ɗaya da ya iso. Ya yi ƙarfin hali ya amsa, ya roƙi a aiko a hankali, ya karɓi saƙon daidai ya ruga ya kai. Ya zaci za a hukunta shi, sai manaja ya yaba masa, tare da jan kunne da ya riƙa yin hattara. Daga ranar ma'aikata suka fara barinsa ya tsare musu na'ura idan za su ɗan fita.

A wannan lokaci ne ya ji labarin wani mutum a yammacin ƙasar da ke karɓar saƙo da kunne kawai, sai ya duƙufa ga gwadawa. Ranar da abin ya fito fili, an sa shi ya zauna a madadin wani ma'aikaci, sai dattijon akawun da ke ofishin ya ƙi rubuta abin da masinja zai karanto masa, yana ganin raini ne. Carnegie ya tsayar da takardar, ya ɗauki fensir ya shiga rubuta saƙon kai-tsaye daga ƙarar na'ura. Bayan haka aka tura shi garin Greensburg ya riƙe ofis na mako 2, ya dawo ba tare da an sami wani aibi a aikinsa ba. Shugaban layin, James D. Reid, ya amince a mayar da shi cikakken ma'aikacin waya a kan dala 25 a wata, alhali bai cika shekara 17 ba. Wannan albashi ya kusa isar iyalin gaba ɗaya.

Aikin da ya fi ƙaunar yi shi ne karɓar labaran ƙasashen waje. A lokacin ba a shimfiɗa waya a ƙarƙashin tekun Atlantika ba, jiragen ruwa ne ke kawo labaran Turai, sannan a bugo su daga bakin teku. Idan ana ruwa da iska, waya takan yi ta tsinkewa, haruffa su ɓace, wani lokaci ma kalmomi. Carnegie ya yi suna wajen cike waɗannan gurabe daidai, kuma dalili shi ne yana bin labaran duniya yana karatu. Wani mai hali da ake kira Kanar James Anderson ya buɗe wa yara ma'aikata ɗakin karatunsa mai littattafai kimanin 400, kowace Asabar yaro ya ari ɗaya ya mayar da na makon jiya. Carnegie bai yi wasa da wannan dama ba. Wanda ya san inda zance ya dosa, rabin kalma ta ishe shi ya gane sauran.

5.0 Daga Gidan Waya Zuwa Reluwe

Cikin masu yawan zuwa ofishin akwai Thomas A. Scott, mai kula da shiyyar yamma ta kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania. Ya lura da saurin yaron, don haka a 1853 ya ɗauke shi ya zama akawunsa kuma mai buga masa waya, a kan dala 35 a wata. Layin dogon ƙwaya ɗaya ne a mafi yawan wurare, jirage masu zuwa da masu komowa duk a kansa suke bi, saboda haka umurnin waya shi ke raba su da karo. Wata safiya hatsari ya tsayar da jirage a duk shiyyar, aka nemi Scott aka rasa. Carnegie, wanda ya saba buga irin waɗannan umurni, ya aika su da sunan maigidansa har layin ya warware. Kasada ce babba, domin da an sami karo da rayuka sun salwanta, shi kuma da ya ƙare a gidan yari. Scott bai tsawata masa ba, daga baya ma ya riƙa bar masa aikin.

Mahaifinsa ya rasu a 1855. A wajen wannan lokaci ne Scott ya ba shi shawarar sayen hannun jari 10 a kamfanin dakon kaya na Adams Express, ribar farko kuma da ta zo masa dala 10 ce. Daga nan ya gane cewa kuɗi na iya haihuwa, ya ci gaba da zuba jari a kamfanin taragun kwana da haƙar mai da ƙira. A 1859, yana da shekara 24, ya gaji kujerar Scott. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, aka kira Scott Washington domin kula da sufurin soja, shi kuma ya tafi da Carnegie, wanda ya taimaka wajen gyara layin dogo da wayoyin da aka lalata a hanyar shiga birnin, ya kuma kawo ma'aikatan waya daga kamfaninsu suka zama tushen sashen tangaraho na soja.

6.0 Kasuwancin Ƙarfe da Rikicin Homestead

A 1865 ya bar aikin reluwe ya koma kasuwanci. Ya ga cewa gadojin katako na ƙonewa, dogo kuma na saurin cinyewa, don haka ƙasar za ta bukaci ƙarfe mai ƙwari da yawa. A 1875 ya buɗe babbar masana'antar narka ƙarfe a Braddock kusa da Pittsburgh, mai aiki da sabuwar dabarar Bessemer da ya gano a Ingila. Hanyarsa ita ce bin diddigin kowane santi da aka kashe, da sauya inji da zarar wanda ya fi shi ya fito, da mallakar ma'adinai da hanyoyin sufuri. A haka ya kere abokan gasarsa. Mahaifiyarsa da ƙanensa Tom sun rasu a 1886, shekara ɗaya bayan haka ya auri Louise Whitfield, suka haifi 'ya ɗaya mai suna Margaret a 1897.

Rage kuɗin da ake kashewa ya haɗa har da guminsu ma'aikata. Da yawansu awa 12 suke yi a gaban wuta. A 1892 yarjejeniyar albashi ta ƙare a masana'antarsa ta Homestead, kamfani ya nemi rage ladan wasu ma'aikata da karya ƙungiyarsu ta ƙwadago. Carnegie, wanda a baya ya yi rubuce-rubuce yana goyon bayan 'yancin ma'aikata na kafa ƙungiya, ya tafi Sikotland ya bar al'amarin a hannun shugaban kamfanin, Henry Clay Frick. Frick ya rufe masana'antar, ya yi hayar masu gadi 300 ɗauke da bindigogi daga kamfanin Pinkerton. Ranar 6 ga Yuli suka iso ta kogi, aka yini ana musayar wuta, aƙalla mutum 10 suka mutu. Gwamnan jiha ya turo dubban sojoji, aka kawo sababbin ma'aikata, a watan Nuwamba yajin aikin ya watse, ƙungiyar kuma ta mutu a masana'antar. Wannan tabo bai goge daga sunan Carnegie ba har ya bar duniya. Yaron da injin tururi ya raba mahaifinsa da sana'a, shi ne ya girma aka karya ma'aikata da sunansa.

7.0 Rabon Dukiya da Abin da Ya Iso Nijeriya

Tun a 1889 ya wallafa wata maƙala da ya bayyana cewa wajibi ne mai dukiya ya rabar da rarar dukiyarsa domin amfanin jama'a tun yana raye. A 1901 ya sayar da kamfaninsa ga attajirin banki J. P. Morgan a kan dala miliyan 480, ya shafe sauran rayuwarsa yana rabo. Kafin rasuwarsa ya bayar da kimanin dala miliyan 350. Da kuɗinsa aka gina ɗakunan karatu 2,509 a ƙasashe daban-daban, na farko a mahaifarsa Dunfermline, kuma ya sha bayyana cewa littattafan Kanar Anderson ne suka sa masa wannan niyya. Sharaɗinsa shi ne gari ya ba da fili, ya kuma yi alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin kowace shekara wajen kula da shi. Wasu garuruwa sun ƙi karɓa, ma'aikata da dama kuma sun ce ƙarin albashi da ragin awowin aiki sun fi musu ɗakin karatun da ba su da lokacin shiga.

A 1903 ya ba Cibiyar Tuskegee ta baƙaƙen fata dala 600,000. A 1905 ya kafa gidauniyar bunƙasa koyarwa domin biyan fansho ga malaman manyan makarantu. Ya kuma biya kuɗin ginin Fadar Zaman Lafiya da ke birnin Hague na ƙasar Holan, wadda aka buɗe a 1913. Ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya a shekarar da ta biyo baya ta karya masa zuciya ƙwarai. Ya rasu ranar 11 ga Agusta, 1919, a garin Lenox na Jihar Massachusetts, yana da shekara 83.

Mafi girman gidauniyoyinsa ita ce ta New York da ya kafa a 1911, wadda aka ware wani kaso na kuɗinta domin ƙasashen da ke ƙarƙashin Birtaniya. Ta tallafa wa ɗakin karatu na Legas a 1932, da kafa makarantar horar da ma'aikatan laburare a Kwalejin Jami'a ta Ibadan. Ita ce kuma ta ɗauki nauyin kwamitin da gwamnatin Nijeriya ta naɗa a 1959 ƙarƙashin Sir Eric Ashby domin nazarin ilimi mai zurfi, wanda Shettima Kashim Ibrahim da Kenneth Dike na cikin wakilansa. Rahoton kwamitin na 1960 ya nuna tsananin ƙarancin ƙwararrun malamai, kuma a sakamakonsa aka buɗe manyan kwalejojin horar da malamai, ciki har da ta Zariya a 1962 da ta Kano a 1964. Daga nan takardar shaidar malanta ta ƙasa, wato NCE, ta samo asali, wadda kwalejojin ilimi irin ta Gumel ke bayarwa.

8.0 Abin Lura ga Malami

Abin da Carnegie ya yi da kansa, masana sun yi nazarinsa daga baya. A 1897 da 1899 William Bryan da Noble Harter na Jami'ar Indiana suka wallafa bincikensu a kan masu koyon tangaraho. Sun gano cewa koyon aikawa ya fi koyon karɓa sauri, kuma mai koyon karɓa yakan ci gaba na ɗan lokaci sannan ya tsaya cik na makonni kamar ba ya ƙaruwa, daga baya ya sake yin tsalle. Bayaninsu shi ne, da farko haruffa yake ji ɗaya-ɗaya, sannan ya koma jin kalma a dunƙule, daga ƙarshe ya riƙa kama yankin jimla. Gwani ma yakan bar hannunsa a baya da 'yan kalmomi, yana rubuta abin da ya wuce yana sauraron mai zuwa. A shekarun 1930 wani Bajamushe, Ludwig Koch, ya nuna cewa ya fi kyau a fara wa ɗalibi da harafi 2 kacal amma da cikakken sauri, sai ya riƙa samun kashi 90 cikin 100 daidai a ƙara masa na uku. Hikimar ita ce kada a ba shi damar ƙirga ɗigo ko tuno jadawali, domin wanda ya saba da ƙirga zai sha wuya kafin ya rabu da ita. A 1958 Fred Keller ya kawo hujjar cewa tsayawar nan ba dole ba ce, hanyar koyarwa ce ke jawo ta.

Bahaushe ba baƙon wannan al'amari ba ne. Idan aka kaɗa tambari a ƙofar fadar Gumel, ko makaɗi ya ɗauko taken wani da kalangu a kasuwar Maigatari, wanda ya tashi a wurin ba ya ƙirga bugu kafin ya san abin da ake nufi. Taken a dunƙule yake zuwar masa, domin ya daɗe yana jin sa tare da ma'anarsa. Haka ma harshen kansa yake. Tsawon wasali ne ya raba gari na zama da gari na tuwo, karin sauti kuma ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya, ga shi kuwa rubutun yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya. Gaɓa mai nauyi da marar nauyi, waɗanda ake auna karin waƙa da su, dangin layi da ɗigo ne, kuma ɗalibin da bai ji bambancinsu da kunnensa ba, alamomin da aka zana masa a allo ba za su amfane shi ba.

Saboda haka ɗalibin malanta da aka tura koyarwar gwaji a wata firamare ta Sule Tankarkar ko Gagarawa ya kamata ya riƙa gabatar da sauti kafin alamarsa, ya karanta wa yara da saurin magana ta ainihi, ya ɗauki abu kaɗan a maimaita kullum, ya kuma bar su su yi atisaye a tsakaninsu inda kuskure ba abin kunya ba ne. Idan yaro ya tsaya a wuri ɗaya, malami ya duba hanyar da yake bi kafin ya yanke wa yaron hukuncin daƙiƙanci.

9.0 Kammalawa

Zamanin tangaraho ya wuce. A 1999 jiragen ruwa na duniya suka daina dogaro da alamomin Morse wajen neman agaji, a 2006 kuma kamfanin Western Union na Amurka ya daina aika talgiram. A yau masu sha'awar rediyo ne suka fi riƙe da fasahar. Tarihin Carnegie ya nuna yadda ƙwarewa guda, wadda ya samu a 'yan mintocin da ke tsakanin shara da isowar manya, ta buɗe masa ƙofar da makaranta ba ta samu buɗe masa ba. Ya kuma nuna cewa mutumin da ya iya sauraron na'ura ya kasa sauraron koken ma'aikatansa a lokacin da suka fi bukata. Mai nazarin rayuwarsa ya wajaba ya riƙe ɓangarorin biyu.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Bayyana dalilan da suka sa iyalin Carnegie suka yi ƙaura a 1848.
2. Yaya mai karɓar saƙo da kunne ke bambanta ɗigo da layi?
3. Kawo matakan da Carnegie ya bi daga masinja zuwa cikakken ma'aikacin waya, ka nuna rawar da karatun littattafai ya taka.
4. Wace dangantaka ce tsakanin gidauniyar Carnegie da kwalejojin ilimi na Nijeriya?
5. Tattauna rikicin Homestead da tasirinsa a kan yadda ake kallon kyaututtukan Carnegie.
6. Tsara darasi na minti 30 da za ka koyar da tsawon wasali ga 'yan aji 4 na firamare, inda sauraro zai gabaci rubutu.